Aljanin da Na Goge da Tsumma

Ba zan taɓa mantawa da wata safiya ta watan Maris ba, kuma duk sanda na tuna sai raina ya ɓaci sabo fil. Lokacin aiki ya yi wuya a Amurka, mutane na ta rasa gidajensu, ni kuma tasin da nake ja ta mutu murus. Baba Isiyaka, wani dattijo ɗan Kumasi da muke sallar Juma'a tare a Silver Spring, shi ya tsaya mini na samu aikin shara a wata firamare. Gwaji aka ɗauke ni, Baba kuma ya ja mini kunne: kuskure ɗaya, waje. Ga kuɗin haya, ga iyali a Zariya suna jira.

To, na buɗe ajin ƙananan yara da sassafe, sai na tarar an yi kaca-kaca da shi. Kujeru a kife, littattafai a ƙasa, ruwan banɗaki ya koma kore shar. Sannan ga sawu. Ƙananan sawu kore, ko tsawon yatsana ba su kai ba, sun taho daga taga, sun hau tebur, sun bi bango sun nufi sama. Ku faɗa mini, wane ɗan Adam ne ke tafiya a bango?

Ni ba yaro ba ne, na ba arba'in baya, amma a ƙauyen kakata na tashi, inda ake ba da labarin gajerun aljanu masu kwance wa mutum kaya. (Shi ma Baba Isiyaka ya sha cika mini kunne da na dajinsu, masu ƙafa a juye.) Na tsaya a bakin ƙofa na karanta Ayatul Kursiyyu, na tofa gabas da yamma. Tausayin yaran mutane ya kama ni. Na zage na goge sawun nan tas, na wanke banɗaki, na jera kujeru. Akwai wasu kwalaye a gefe, kowanne da ɗan tsani da kwabo mai ruwan zinariya a ciki. Na ce ai ga kayan tsafin nan. Na kwashe su duka na zuba a babbar bolar bayan makaranta.

Da na yi shiru ma da sauƙi. Amma ina, sai da na tari shugabar makaranta a bakin ajin, ga malama, ga iyaye riƙe da kyamara, ga yara sanye da koren kaya. Na gyara murya, da guntun Turancina na ce, "Madam, wani abu da ba mutum ba ya shigo ajin nan. Na kore shi. Amma a nemo masu addu'a."

Malamar ta leƙa ciki, ta dafe kai. "Ina tarkunan yarana?"

Ashe al'ada ce da suke yi duk shekara a wannan rana. Wai wani ɗan guntun aljani ne na mutanen Ayalan, lefrikon suke ce masa, mai koriyar hula da tukunyar zinariya. Yara kan ƙera masa tarko a gida da iyayensu, malama kuma ta ɓata aji da hannunta don su ce ya zo ya tsere. Mace da digirinta ta durƙusa tana buga sawun ƙarya a bango, amma ni ne mahaukaci.

Aji ya kaure da kuka. Aka kira Baba Isiyaka, tunda shi ya tsaya mini. Ya zo yana danne dariya har kafaɗarsa na rawa. "Ɗan Najeriya, kai da ka zo share ƙasa, wa ya ba ka limanci?"

"Baba, ba kai ka ce mini akwai su ba?"

"A daji na ce. Ka taɓa ganin an ba su biza?"

Ya shiga ofis ya yi ta ba da haƙuri. Hukuncin da aka yanke: in dawo da tarkunan, ko in ajiye makullai. Haka na shiga bolar nan har ƙugu, cikin ragowar madara da ɓawon ayaba, ina zaro kwali ɗaya-ɗaya, yara sun yi layi a taga suna kallo. Wata uwa har hoto ta ɗauka. Wata yarinya ta karɓi nata a lotse, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ne aljanin, ko?" Ni da gemuna.

Ba a kore ni ba. Abin da aka yi mini ya fi kora ciwo: shekara na zagayowa malamar ta miƙo mini koren fenti, wai tunda ni ke riga kowa zuwa, ni zan riƙa buga sawun. Na buga, ina yi ina tsaki, don haya ba ta san zuciya ba.

Abin da na koya shi ne, a ƙasar nan ko ƙazanta ka gani, nemi mai ita ka gaishe shi kafin ka ɗauki tsintsiya.