Ku Koya wa Na'urarku Ladabi

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Anisul Bait, Allah ya ƙara maka basira.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ce Beya Kammun ta birnin Safakis, wadda yaranka suka zo gidanta bara suka liƙa na'urori tun daga ƙofa har madafa, don likita ya ce na fara mantuwa. Ban musa ba. Amma ina da 'yan koke-koke, kuma zan rubuta su yanzu da suke a kaina.

Na ɗaya, murhu. Gaskiya ne na ƙona tukwane biyu. Amma ranka ya daɗe, a gidanku ba a cin kuskus? Ina ɗora madambaci, tururi bai gama tashi ba, sai na'urarka ta kashe gas ta ce, "An kawar da haɗari." Ranar Juma'a surukina ya ci tsaba da romon kifi, yana murmushi yana neman ruwa.

Na biyu, yarinyar da kuka saka cikin akwatin nan mai magana. 'Yar gidan wa ce? Shekaruna sun kusa tamanin, mai kifi ma Hajiya yake ce mini, ita kuwa sai "Beya, sha magani." Ko sallama babu. Na ce mata, "Ke, sa'arki ce ni?" Ta ce ba ta gane tambayar ba. Haka marasa kunya suke cewa.

Na uku, awarwaron da ke hannuna. Ina taka bakin ƙofa, 'yata Durra ta sani a Tunis. Na je ta'aziyya, ana tsakiyar Fatiha waya ta ɗauki ruri: "Mama, me kike yi a gidan mutane?" Maƙwabciyata Munjiya ta shekara arba'in tana kai rahotona, ba ta taɓa yin sauri haka ba. Yanzu kun raba baiwar Allah da sana'arta.

Na huɗu ba wasa ba ne. Wata la'asar na zuba shayi kofi biyu, na tambaya ko maigidana Si Tahar ya dawo daga masallaci. Yarinyarka ta ce, "Tahar ya rasu," da muryar da take faɗa mini za a yi ruwa gobe. Na zauna na yi sabon kuka. Ba ina roƙon ta yi mini ƙarya ba ne. Abin da nake so kawai, ta ce, "Hajiya, zauna ki sha naki tukuna." Ni da kaina zan tuna.

Sai dai kada ku turo a cire komai. Durra ta rantse ranar da aka cire zan koma wurinta, hawa na goma sha ɗaya, inda ba bishiyar lemona, ba wanda ya san mijina. Kuma ranar da hanyar gida ta ɓace mini a kasuwa, awarwaron nan ne ya turo Munjiya da silifas wari da wari ta riƙo hannuna. Ina son gidana, don haka zan zauna da yarinyarka. Tarbiyya kawai nake roƙo.

Idan na riga na aiko maka da wannan wasiƙa, ka yi haƙuri ka sake karantawa, tunda ba ka gyara ba.

Taka mai biyayya matuƙa,
Hajiya Beya Kammun,
Safakis.