Bash-Muhandis Abdulganiyyu da Wuƙar Sojoji

Duk unguwar Hindawiyya ta Makka babu maƙerin da ya san yaƙi kamar Abdulganiyyu. Shi da kansa ya tabbatar da haka, kuma ba a taɓa jin ya janye maganar ba. Sauran maƙeran unguwa ana ce musu usta, shi kuwa ya zaɓi Bash-Muhandis, wato babban injiniya, ya sa aka rubuta masa da fenti a jikin gwangwanin da ya yi ƙofar maƙerarsa da shi.

Ilminsa na soja yana da asali. Lokacin yaƙin Hitila, yana kan hanyarsa daga Kano zuwa Makka, ya yada zango a Kasala ta ƙasar Sudan. Wata rana rundunar soja ta wuce yana zaune gindin bishiya yana cin dabino. Ya kalle su tun daga na farko har na ƙarshe. Wani kofur ma ya tambaye shi inda rijiya take, ya nuna masa. Tun daga ranar, in yana ba da labari, sai ya ce, "Lokacin da muke fagen daga."

Da aikin hajji ya matso, maƙera suka duƙufa ƙera wuƙaƙen yankan hadaya, domin a nan ake samun abincin shekara. Bash-Muhandis ya ɗauke kai. Tsohuwa ta kawo masa wuƙar girki a wasa mata, ya ce hannun da ke tsara makaman daula ba ya taɓa abin yanka kuɓewa. Matarsa Shatu, wadda ƙosanta ke riƙe da gidan, a maƙwabta take aron wuƙar yanka albasa. Shi kuma yana gidan gahawa, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana yi wa masu shan shayi karatu.

"Ya jama'a, ku kun ɗauka wuƙa kaifi ce. Wannan tunanin mahauta ne. Wuƙar askari, wato soja, ƙarfi ce. Ta sha rana, ta sha dutse, raƙumi ya taka ta, ta tashi tana nan yadda take."

Akwai dalilin wannan himma. Shehin maƙeran unguwa ya rasu, dattawa kuma sun ce za su naɗa wani. Bash-Muhandis bai nemi kujerar ba. Ya dai bi dattawan gida gida ya sanar da su cewa ba ya nema, kuma in sojojin Sarki suka karɓi wuƙarsa, to, mutane su yi wa kansu hisabi.

Daga sifirin wata matacciyar lori ta hanyar Jidda ya fitar da wuƙaƙe iri biyu. Ta farko miƙaƙƙiya ce, kaurinta ya kai ɗan yatsa, ya sa mata suna Giwa. Ta biyu mai naɗewa ce, ta shiga cikin ƙotarta a sa a aljihu, ya ce sunanta Damisa. Maƙwabta da suka ga yadda take shiga ba ta son fitowa, suka riƙa ce mata Kunkuru, amma a bayan idonsa.

An gwada Giwa a bainar jama'a. Ya jefo ta daga kan dutse, dutsen ne ya ɓantare. Ya sa direba ya bi ta kanta da mota, aka yi facin taya. Wani mahauci ya miƙo igiya ya ce a yanka a gani. Bash-Muhandis ya dube shi da tausayi, ya ce ba a ɓarnatar da kaifin soja a kan farar hula.

Garba, mai kai ruwa bariki, shi ya samar masa ganin wani hafsa. Bash-Muhandis ya sha farin tobi, doguwar rigar Larabawa, da rawani, ya isa ya tarar da hafsan a inuwa, an ajiye masa kankana. Ya yi jawabi mai tsawo da Larabcin da ya tanada, ya ambaci Kasala sau da yawa. Hafsan ya nuna kankanar.

Giwa ta sauka a kanta. Kankanar ba ta yanku ba, ta dai fashe, ruwanta ya wanke farin tobin. Bash-Muhandis ya ce haka kan abokin gaba zai yi. Aka zo kan Damisa. Ya ja da farce, ya ja da haƙori, wani askari ya kawo awartaki, ta ƙi buɗuwa.

"Da gangan ne, ya sidi," in ji shi. "Ko maƙiyi ya ƙwace ta, ba zai amfana da ita ba."

Hafsan ya ɗauki Giwa ya jinjina nauyinta, ya kafa tsininta a ƙasa, ya sa aka buga ta da guduma har ta nutse. Askari biyu suka yi ta ja, ba ta motsa ba. Fuskarsa ta saki. Ya ce, "Tayyib. Wannan nake so. Ka kawo duk abin da za ka iya ƙerawa kafin ranar Arfa."

Kafin la'asar labari ya gama Hindawiyya, domin Bash-Muhandis da ƙafarsa ya raka shi kowane lungu. Ya kwana ya wuni a bakin wuta, ya sa baduku ya ɗinka wa kowace Giwa kube na jar fata mai tuntaye. Dattawa suka ga abin ya fi ƙarfin gardama, suka ba shi shehin maƙera tun kafin a fita Mina. Ya karɓa cikin tawali'u, ya ce nauyi ne aka ɗora masa.

Kashegarin sallah ya tattara dattawan a Mina, ya ce su zo su ga aikinsa a ƙugun mazaje. Da safiyar an yi iska mai ƙarfi, tantunan alhazai da yawa sun kwanta, domin ƙasar wurin dutse ce, turakun itace ba sa kama ta. Tantunan sojoji kaɗai ke tsaye cak. Dattawa suka duba ƙugun askari na farko, ba wuƙa. Na biyu ma haka. Sai ɗaya daga cikinsu ya yi tuntuɓe da igiyar tanti, ya sunkuya ya ga abin da aka ɗaure ta a jiki. Giwa ce, an buga ta har wuya. Suka bi layin tantunan da ido. Kowace kusurwa da tata.

Bash-Muhandis ya gyara rawani, ya ce wannan dabarar yaƙi ce, ana ɓoye makami a inda maƙiyi ba zai zata ba. Yana cikin bayani hafsan ya fito, ya rungume shi a gaban kowa.

"Ya muhandis, Allah ya yi wa hannunka albarka. Duk Hijaz ba mai turke irin naka. Baɗi ka yi musu ƙugiya a kai saboda igiya. Kuben kuma ka huta, mun rasa me ake yi da shi."