Rasuwar Ɗan Ja, Injin Ban-Ruwan Malam Gwadabe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, yana tsaye a lambun da ya fara bushewa, Malam Gwadabe na Dagumawa yana sanar da 'yan'uwa da abokan noma rasuwar injinsa na ban-ruwa, wanda aka fi sani da Ɗan Ja. Ya cika ranar Talata da hantsi a bakin kogin Wudil, yana tsakiyar aiki, a gonar da ba tasu ba.

Marigayin bai san ƙyuya ba. Ja ɗaya ake yi wa igiyarsa ya amsa, "Tuf, tuf, turrr," kuma ba ya yin shiru sai ƙasa ta ƙoshi. Da fetur ya fi ƙarfin talaka, Garzali bakanike ya sauya masa abinci zuwa gas ɗin girki, ya karɓa ba ƙorafi. Malami ne kuma. A jikinsa yaran unguwa suka gane yadda wuta ke zama motsi, motsi ya ɗaga ruwa ya hau tudu. Khaulat, autar gidan, a kansa ta koyi kwance fulogi ta wanke, ga ta yau tana karatun injiniya a jami'a.

Ajali ya biyo ta hanyar zumunci. Bana kogin ya ja da baya da wuri. Inda aka jefa mesa bara, yanzu masu tifa ne ke ɗibar yashi. Sai Ya'u, ƙanin uwargidan Malam Gwadabe, ya zo aro. A rafi ba a hana aron inji, balle ga ƙanin mace. Kunne ɗaya aka ja masa: kada ya cire rariyar bakin mesa, mai tare yashi. Shi kuwa Ya'u yana cikin masu cewa rariya rage gudun ruwa take yi. Ya cire ta, ya rataye a reshen mangwaro.

Waɗanda ke kusa sun shaida cewa muryar ce ta fara sauyawa: "Karr, karr," kamar mai taunar tsakuwa. Ruwan ya koma laka, sannan ya tsinke. Ya'u ya ƙara masa wuta. Marigayin ya yi "Kof" sau ɗaya, bai sake ba. Da Garzali ya buɗe cikinsa, ya tarar yashi ya cinye fankar da ke tura ruwa, sandar da ke juya ta ta karye. Ya mayar da murfin, ya goge hannu.

Ya rasu ya bar mesa biyu, tukunyar gas da saura a ciki, rariya cikin ƙoshin lafiya, da marayu: tumatir fili guda, yana tsakiyar fure. Su ne abin tausayi. Ganyen ya fara sunkuyawa tun kafin azahar, furen na zuba ɗaiɗai. Injinan maƙwabta duk suna can suna bin ruwan da ke gudu, ba wanda ke da hutun da za a are shi. Malam Gwadabe ya tsufa a rafi, ya san launin da ke biyo bayan wannan.

Iyalan ba su riƙe kowa a zuciya ba. Suna dai tunatar da Ya'u cewa tumatirinsa ne ya sha ruwan ƙarshe na marigayin, kuma duk Dagumawa za ta zuba ido ta ga ranar da zai nuna.

Gobe za a yi wa gawa wanka da kananzir a rumfar Garzali. Khaulat za ta baje kayan cikinsa a kan tabarma, domin yara su gani da idonsu abin da yashi ke yi wa ƙarfe. Ana roƙon 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, su daina zagaya gidan.

Za a karɓi gaisuwa a bakin kogi bayan sallar asuba. Mai zuwa ya zo da bokiti, za a yi layi daga ruwa har lambu a shayar da marayun. An tanadar wa Ya'u wuri na farko, cikin ruwa iya gwiwa. Wanda ya makara zai tarar da gawa biyu.