A Dawo Mini Da "Lafiya Lau" Ɗina

Zuwa ga
Mai Girma Babban Darakta,
Ofishin Awon Makarantu da Sauraron Jama'a,
uban alƙaluma, mai na'urar da ba ta mantuwa,
Sakkwato.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina gaida ka, ina gaida mataimakanka da mataimakan mataimakanka, da fatan iyali suna lafiya, sanyin ofis kuma bai yi maka yawa ba. Sai dai ina roƙon alfarma tun daga bakin ƙofa: wannan gaisuwa ce kawai. Don Allah kada a shigar da ita cikin na'ura.

Sunana Siddiƙu Ladan, tela a Ƙofar Atiku, shekara ashirin da shida ina taka keke. Ɗiyata Khairiyya tana aji shida a firamaren unguwarmu, wadda takardunku suke kira Lamba 47. Ni ma mai awo ne kamar ku, shi ya sa na yi ƙarfin halin rubuto maka, irin na abokin sana'a.

Makon jiya aka manna mana takarda a ƙofar ofishin hedimasta, mai taken "Tsarin Ɗaukar Alhaki". A ciki kun raba makarantun gundumarmu launi uku: ja ga masu fama, ruwan ɗorawa ga masu lallaɓawa, kore ga waɗanda Allah ya rufa wa asiri. Mu kore muka samu, muna godiya. Dalili kuwa, in ji takardar, iyaye casa'in da bakwai cikin ɗari sun ce sun gamsu, kuma yaran aji shida sun iya karatu. Saboda wannan nasara, za a ɗauke mana malamar aji shida, Malama Hannatu Habila, a kai ta wata jar makaranta ranar Litinin ta farkon wata mai kamawa, wata uku kafin jarrabawar shiga sakandare. A kan haka nake da 'yan ƙorafe-ƙorafe, in ba za su ɓata maka lokacin shayi ba.

Na ɗaya. Ina cikin casa'in da bakwai ɗin nan, kuma ina so ka san yadda na shiga. Wata Talata da hantsi ina haɗa wuyan wata kaftani, sai ga ma'aikacinku, Malam Sharifuddeen, da riga mai tambari da na'ura a hannu. Mutumin kirki ne, har ya cire takalmi. Ya ce, "Ina kwana, Malam? Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya makarantar yara?" Na amsa yadda uwata ta koya mini: "Lahiya lau, sai godiya." Ya dangwala yatsa a na'ura. Na tashi in ɗebo masa ruwa don mu zauna mu shiga magana, kafin in juyo har ya tada babur. Ni a sanina muna tsakiyar gaisuwa, ashe shi har ya gama bincike.

Ranka ya daɗe, a ina aka haife ka? Ba raini ba ne, neman sani ne. Wane Basakkwace ne za a tambaye shi yaya kaza a bakin ƙofa ya ce ba lafiya? Mahaifina, Allah ya jiƙansa, saura sa'a guda ya cika aka tambaye shi yaya jiki, ya ce da sauƙi. Da na'urarku tana wurin, da an rubuta shi cikin waɗanda suka warke. An ce ranar wanka ba a ɓoye cibi, gaskiya ne, amma ai sai an gaya wa mutum yau ce ranar wankan.

Na biyu. Ga abin da zan faɗa wa Malam Sharifuddeen da ya tsaya ya sha ruwan nan. Iskar farkon daminar bara ta yaye rabin kwanon aji shida, har yau yana jingine a bayan ajin kamar yana jiran umarni daga ofishinka. Yara ɗari da arba'in da uku ne a ajin, benci goma sha ɗaya. Da zafin Sakkwato, wanda na san labarinsa yana iso maka ta taga, yaran suna bin inuwa ne kamar awaki: da safe su taru gabas, da rana ta ɗaga su matsa yamma. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba a tambayi mai ɗaki ba, an gaishe shi ne kawai.

Na uku. Takardarku ta ce Lamba 47 tana da malamai goma sha huɗu. Ina taya ku murna, domin mu biyar muke gani. A jerin sunayen har da Malam Hashim, wanda aka yaba da cewa ba a taɓa kawo ƙararsa ba ko sau ɗaya cikin shekara biyu. Wannan gaskiya ne, zan iya ba da shaida, domin ni na ɗinka masa likkafani shekara biyu da suka wuce. Idan shi ne zai karɓi aji shida bayan Malama Hannatu, ina roƙo a sanar da mu da wuri, don mu shirya yaran.

Na huɗu. Taron jin ra'ayin al'umma. Ba zan yi ƙarya ba, an karrama mu. An kai mu babban ɗakin taro na wani otal, aka ba mu ruwan roba mai sanyi da biro mai tambari, aka haska mana zane-zane a bango, wasu dogaye wasu zagayayyu kamar waina. Duk wanda aka nuna, mai unguwarmu yakan ce, "Madalla, Allah shi saka da alheri," domin dattijo ne mai kunya, kuma bai zo da tabaransa ba. Na ga an rubuta a rahoto cewa shugabannin al'umma sun amince da tsarin sau goma sha tara.

Ni aka ba wa damar magana a madadin iyaye, aka ce minti biyu. A kan teburin manya akwai mutum goma sha biyu, kowa da muƙaminsa, wasu da biyu. Wane ɗan halak ne zai tsallake su ya faɗa kan maganar kwano? Na fara gaisuwa daga kanka, ranka ya daɗe, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ina kan na tara aka kaɗa ƙararrawa, aka karɓe abin magana. A shafi na talatin da ɗaya an rubuta: "Wakilin iyaye ya yaba wa hukuma." Ban musa ba. Ina dai neman a ba ni sauran jawabina, da kuma afuwar mutum ukun da ban kai kansu ba.

Na biyar, kuma nan ne abin yake mini ciwo. Cikin alƙalumanku duka, ɗaya ne na gaskiya: yaran aji shida sun iya karatu. Amma na'urar ba ta tambayi yadda aka yi ba. Khairiyya ta yi shekara biyar a makarantar nan ana ciyar da ita gaba, ba ta iya rubuta sunanta. Ni kaina na sallama, na ce wataƙila kanta ne ba ya ja, har na fara nuna mata yadda ake sa maɓalli. Malama Hannatu ce ta tako har shagona ta ce, "Malam Siddiƙu, 'yarka ba daƙiƙiya ba ce, ba a taɓa zama da ita ba ne." Ta riƙa tsayar da yaran bayan an tashi, kashi-kashi, a gindin dogon yaron da ke bakin rijiya, da allo guda da ta saya da kanta. Yau Khairiyya ce take karanta mini awon mutane daga littafi ina yanka yadi. Ranar da ta fara karanta mini "kafaɗa goma sha takwas" ba tare da ta tsaya ba, sai da na shiga bayan labule na ɗan jima.

To ga lissafinku yadda na fahimce shi, a gyara mini in na kauce. Malama ta koyar, yara suka iya, makaranta ta zama kore, kore ba ta bukatar malama, don haka a ɗauke ta. Idan ta je jar makarantar ta koyar, su ma za su zama kore, mu kuma lokacin mun nuna mun yi ja, sai a dawo mana da ita. Tsari ne mai kyau, ba ya tsayawa. Matsalarsa ɗaya: Khairiyya ba za ta yi aji shida sau biyu tana jiran zagayowarsa ba. Ko ana fafe gora ranar tafiya?

Na shida. Na bincika yadda waccan makarantar ta samu jan launinta, don mu ma mu koyi dabara. Ba ta fi tamu lalacewa ba, kwanonta ma yana kanta. Sa'ar da suka yi ita ce ma'aikacinku ya faɗa hannun Lantana mai waina, wadda duk yankin aka sani bakinta ba shi da linzami. Da ya ce yaya makarantar yara, sai ta ce, "Wace makaranta? Wagga da awaki ka kwana ciki? Zamna in gaya ma." Ta riƙe shi har azahar, ta kira maƙwabta suka ɗora. Ba na yi musu hassada, yaransu ma 'ya'ya ne, kuma sun cancanci malama. Tambayata ita ce: cikin malamai goma sha huɗun da kuka ce muna da su, me ya sa sai mai rai, mai zuwa, mai koyarwa za a ɗauka? Ga tara can da ba ma gani, mun yafe muku su duka.

Ranka ya daɗe, a sana'ata in mutum ya zo ɗinki ba na tambayarsa yaya ƙugunka in yanka yadi a kan amsarsa. Tashi nake in zagaya shi da tef, ko da ya rantse mini bai ƙara ƙiba ba. In riga ta matse, ba na cewa littafi ya ce daidai ne. Gani ya kori ji. Daga ofishinka zuwa Ƙofar Atiku bai kai tafiyar Kalambaina da ke nan bayan gari ba. Ka zo da ƙarfe goma sha biyu na rana, ka tsaya a aji shida ɓangaren da babu kwano, minti biyu kacal kamar yadda aka ba ni, sannan ka zaɓa mana launi.

Sai sunan tsarin. Ban san wanda ya fassara muku shi ba, amma Allah ya yi masa albarka, domin shi kaɗai ya faɗi gaskiya a ofishin nan. A wajenku ɗaukar alhaki yana nufin kowa ya tsaya kan aikinsa. A wajenmu, in aka ce wane ya ɗauki alhakin wane, to ya zalunce shi ne, kuma akwai ranar da za a tambaye shi, ranar da ba a amsawa da lafiya lau. Yara ɗari da arba'in da uku ne. Ina ganin tsarin zai cika sunansa.

Bukatata ƙarama ce. Ban ce a gyara kwano ba, na san wannan sai an kafa kwamiti. Ina roƙo ne a buɗe na'ura a ciro mini "lafiya lau" ɗina, domin aron gaisuwa na ba da, ba shaida ba. Na zagaya unguwa, iyaye sittin da huɗu sun sa hannu ko sun dangwala yatsa a takardar da ke haɗe da wannan, kowa yana neman nasa. In an cire su, a sake lissafi, a bar mana Malama Hannatu ko da zuwa ranar jarrabawa ne.

Jiya Malama ta sanar da yaran cewa za ta tafi. Khairiyya ta dawo da azahar ta tsaya a ƙofar shago, idanunta sun yi ja, ta ƙanƙame littafinta a ƙirji. Ban ɗago sosai daga kan keke ba, na ce mata yaya makaranta, kamar kullum. Ta ce, "Lahiya lau, Baba."

Ni na koya mata, kuma da na ji shi a bakinta sai da ƙafata ta tsaya a kan keke. Wannan ma, don girman Allah, kada a shigar da shi cikin na'ura.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara wa ofishinka launuka, ya sa duk wanda ya tambaye ka lafiya ya tsaya ya ji amsa.

Naka mai biyayya, wanda har yanzu bai gama gaida manyan teburi ba,

Siddiƙu Ladan, tela,
uban ɗaliba a Lamba 47,
Ƙofar Atiku, Sakkwato.