Kaffarar Baban Amarya da Gadar da Ba Ta Iso Ba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Saura Ƙiris, mai aikin gadar saman Unguwar Fadama, Allah ya ƙara girma.

Bayan gaisuwa da jinjina, ranka ya daɗe, ni ne mutumin nan da ya taka rawa har hularsa ta faɗi ranar da kuka aza harsashin gadar nan. A safiyar aka haifa mini Safiyya. Murna ta kwashe ni, na ɗaga hannu gaban jama'a na rantse da Allah ta kan gadar nan za a kai ta ɗakin miji. To, Safiyya ta gama jami'a, Nazifi ɗan Katabu ya biya sadaki, an sa rana bayan Sallah.

Na ɗaya, barka da arziki! Kuɗin aikin ya fi 'yata saurin girma. Tana rarrafe kuka yi masa bita, ta shiga firamare kuka sake bita. Mu a makarantar allo, bita maimaita karatu ce don ya zauna. Taku kuwa kowace sifiri take haifa. Wane malami ya koya muku? Fanshona na son ya yi masa almajirci.

Na biyu, mun ji a rediyo cewa ruwan da kuka tarar a ƙarƙashin ƙasa ya zo muku ba zata. Allah sarki. A unguwar da sunanta Fadama? Inda muka kama tarwaɗa muna yara?

Na uku, ginshiƙan sun yi kyau, masha Allah. Mai shayi ya samu inuwa. Ƙanena Idi ya kawo shawarar a ɗora amarya kan ɗaya da injin ɗaga kayanku, a sauko da ita, rantsuwa ta cika. Uwarta ta daina gaishe shi.

Jiya liman ya ce in haƙura in yi kaffara, in ciyar da miskinai goma. Wallahi abin ya yi mini ciwo, don so na yi in ga motarta a can sama.

Roƙona ɗaya ne, ranka ya daɗe: a saka kaffarar tawa cikin bita ta gaba. Na san idan goma ta shiga ofishinku ba ta fitowa goma. Daga Rigachikun har Abakpa kowa zai ƙoshi.

Naka mai biyayya har ranar yanke ƙyalle,
Malam Sabo Fadama,
Baban amarya.