An Kama Goggo da Satar Tulunta

Jiya, jama'a, saura ƙiris a rufe ni a caji ofis saboda tulu. Ba na zinariya ba, na yumɓu.

Goggona maginiyar tukwane ce, shekara arba'in hannunta na cikin laka. Wata malamar jami'a, baiwar Allah, ta yi shekara biyu tana zuwa gidanmu da ɗan littafinta. A ƙasa take zama, tana tambaya tana rubutawa, har ta iya kwaɓa yumɓu. Da bincikenta ya kammala aka shirya babban taro kan "Muryar Mata a Fasahar Afirka". Ta ari tulu ɗaya don a nuna, ta ce lallai Goggo ta zo.

Sai da na yi awa uku a layin mai kafin na samu ɗan abin da zai kai mu a babur. Mai Girma Babban Baƙo kuwa, Allah ya ja zamaninsa, sai bayan azahar ya iso da motoci goma sha ɗaya. Nan na gane inda man garin ya tafi, hankalina ya kwanta.

Maza tara ne reras a babban tebur, kuma ban taɓa ganin masu tausayin mata irinsu ba. Kowanne ya yi rabin awa yana rantsuwa cewa lokaci ya yi da za a saurari mace. Da aka zo kan malamar, sai mai gabatarwa ya raɗa mata cewa minti biyu gare ta, abinci na hucewa. Tana cewa, "Mai wannan aiki tana nan tare da mu," aka kashe lasifika.

Muka zagaya wajen nuni. Ga tulu a cikin gilashi, da 'yar takarda a gefe.

"Karanta min, ɗan nan," in ji Goggo.

Na karanta: "Aikin wata mata da ba a san ko wace ce ba. Daga taskar Mai Girma."

"Ni ce ba a sani ba? To, a ba ni kayana."

Ta ɗaga gilashin, ta ɗora tulu a ka, ta nufi ƙofa. Masu gadi suka yi mana ca.

"Tsaya, Iya! Kayan tarihi ne!"

"Tarihin wa? Bara na gina shi, ranar da akuyata ta haihu!"

Malamar ta sheƙo da gudu, idonta cike da hawaye, tana nuna hotunan Goggo tana ginin. Wani Ranka-ya-daɗe mai ƙaton tumbi ya dubi hoto, ya dubi Goggo, ya ce hukuma ba ta aiki da garaje, za a kafa kwamiti ya gano mai tulun. Tulu ya koma gilashi. Mu kuma aka sallame mu bayan na rubuta takardar ban haƙuri.

Maƙwabcina wanzami ya tambaye ni yau ko za a sa Goggo a kwamitin.

"Haba," na ce, "ai aikin masana ne."

 Da safen nan na sami Goggo ta gina sabon tulu, bai bushe ba. Ta miƙo min tsinke.

"Rubuta sunana a jikinsa. Da manyan baƙaƙe."

Na rubuta har sau uku, ciki da waje. Amma na san manyanmu. Za su ce wani tsohon zane ne mai zurfin ma'ana, su kira taro a kansa.