Ranar da Makirfo Ya Nemi Sunan Ɗiyata

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar gasar kimiyya ta 'yan mata a lakwal ɗinmu ta Illela. Ni ne mai kula da tarbiyyar ɗalibai, kuma kowa ya san ba na wasa da tsari. Shi ya sa darakta ya damƙa mini makirfo.

Na tsara taron daki-daki. Da farko addu'a, sannan jawabina, sannan a duba ƙere-ƙeren yara, daga ƙarshe kyauta. Wata injiniya ta zo daga Tawa a madadin hukuma, domin wadda ta zo ta ɗaya za a ɗauki nauyin karatunta na kimiyya.

Jawabina ya yi armashi. Na ce gwamnati ta ce mata su shiga kimiyya kafaɗa da kafaɗa da maza, saboda haka a daina ɓoye 'yan mata a bayan zana. Na buga tebur na ce, "Yarinyar da ta yi ƙoƙari, a kira sunanta da ƙarfi duniya ta ji!" Aka tafa. (Da na san abin da ke tafe, da na rage murya.)

Alƙalai suka gama. Injiniya ta matso ta ce mini, "Mai na'urar da ke kashe famfo idan tanki ya cika, ita ta ci. Malam, kira ta."

Ɗiyata ce. Ɗiyar fari, kuma mai sunan mahaifiyata. Tun da aka haife ta bakina bai taɓa furta sunan nan ba. "Ke" nake ce mata, kamar yadda kunya ta koya mana.

Na gyara hula. Na yi tari. Na ce, "Ta ɗaya ita ce... waccan. Mai shuɗin hijabi."

Kusan rabin ajin shuɗin hijabi gare su. Aka shiga kallon-kallo, har wata ta miƙe tana murna. Ɗiyata kuwa ta sunkuyar da kai, idonta ya cika da hawaye.

Sai taubashina Ilu mai kabu-kabu ya ɗaga murya daga baya: "Kai mai jawabi! Ba kai ka ce duniya ta ji ba? To ga mu, mu ne duniya. Ko makirfon ne ke jin kunya?"

Wuri ya kaure da dariya. Mahaifiyar yarinyar ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta na rawa. Zufa ta jiƙe mini riga. Na rufe ido na ce, "Hadizatu!" Lasifika ta kai sunan har bakin titi.

Yarinyar ba ta motsa ba. Waiwaye ta yi tana neman wata Hadizatun, don ba ta taɓa jin sunan daga bakina ba. Sai da ƙawarta ta zungure ta: "Ke fa babanki ke kira!" Ta fito tana dariya tana kuka, ta durƙusa ta karɓi kyautarta.

Yanzu tana karatun lantarki, Ilu kuma "Waccan" yake kirana duk inda muka haɗu. Tsarina ya samu ƙarin mataki guda: kafin in hau mumbari in yi wa mutane wa'azi, sai na fara gwada shi a tsakar gidana.